Haɗin Kai Irin na Japan

Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna ƙasar waje injiniya ne. Wata shekara aiki ya kai shi Japan, sati biyu kacal, ya dawo mana da wani sarkin yaƙi a baki. Wai mutumin ya tarar da ƙasar a rarrabe, kowane mai gari da rundunarsa, ya murƙushe su ya haɗe ta, sannan ya sa aka bi manoma aka karɓe takubbansu. Ko gaishe shi ka yi sai ka sha labarin. Yadda manoman suka ji kuwa, bai taɓa faɗa mana ba.

Mu ma, in ji shi, a rarrabe muke a garuruwan da muke zaune: 'yan Lanham, 'yan Gaithersburg, 'yan Woodbridge, ga 'yan Nijar da nasu. Daga yau kowace sanarwa ta hannun sakatare za ta fita, ta imel.

To, akwai wata Hajiya 'yar Damagaram. Tun kafin in zo ƙasar nan, in an yi rasuwa ita ke sanarwa. Zama take da waya tana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Ta san mai tuƙa tasi, ta san wanda sai an bi ta kan matarsa. In ba ka ɗauka ba ta yi ta kira har ka ji kunya.

A taron da shugaba ya kafa dokar na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ita Hajiya wa ta yaƙa?" Ya yi murmushi, wai tsari ake so. Hajiya ta ce in zauna, ba a ja da shugaba. Na zauna, kuma har yau ina jin haushin zaman nan.

Bayan 'yan watanni Malam, mijin Hajiya, ya rasu, ranar Talata da safe. Don bin doka, sakatare kaɗai ta kira. Shi kuwa yana maƙale a cunkoson motoci a babbar hanya mai lamba 95. Imel bai fita ba sai bayan azahar, ga jana'iza da la'asar. Wa ke duba imel yana bakin aiki? Ni ma sai da na tashi daga aiki a asibiti na gani. Dattijon da bai taɓa fashin jana'izar kowa ba, ko sahu ɗaya ba a cika masa ba.

Na je gaisuwa raina a ɓace. Ba ta ambaci shugaba ba, balle sakatare. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, ki faɗa mini gaskiya. Malam ya ɓata wa mutane ne ban sani ba?"