Kujerar da Ta Dubi Gabas

Matata ta tafi Yamai wankan jegon ɗiyarmu ta fari, haihuwarta ta uku, da cewa kwana arba'in za ta yi. Ni na raka ta tasha, na ɗora mata rabin buhun gero da ƙullin kuka. Arba'in ta cika, anka shiga wata na uku, anka shiga na huɗu. Duk ran da na kira sai ta ce jaririn bai yi ƙwari ba tukuna. Yaron da anka ce bai yi ƙwari ba har ya soma rarrafe, ni kuwa ina Dogon Dutsi ina dafa shinkafa da wake cikin tukunyar da ta saba ciyar da mutum takwas.

Gadi nake yi da rana a wani magazan, ɗakin ajiyar hatsi. Lakkol na yi aji shida, na faɗi jarrabawa sau biyu, ubana ya ce in taho gona, ita ba ta kada kowa. Abin da na tsira da shi ke nan, ina karanta takardar magani, ina rubuta irin wanga da kuke gani. Samarinmu biyu suna can bakin teku wajen bidar kuɗi. Gidan ya rage daga ni sai akuya guda.

Wata na bakwai haƙurina ya ƙare, na kira ta.

"Ke, wai yaushe za ki dawo? Ko can anka sake ɗaura maki aure?"

"Maigida, gwiwata ce," in ji ta. "Nan gidan akwai abin zama cikin makewayi. Can kuwa in na tsuguna sai na dafa bango nake tashi, bangon ma zuba yake yi. Ran nan da na faɗi, ka manta?"

Ban manta ba. Ranar ina ƙofar gida ina sauraren rediyo, na ji ta kira daga makewayi, na ce ina zuwa, ban tashi ba sai da labarai sunka ƙare. Na iske ta ta ja jiki ta fito da kanta, zanenta duk laka. Ba mu taɓa tada maganar ba.

Makewayin namu yana kusurwar gida. Bangon laka ne iyakar kafaɗa, babu rufi, ƙyauren kuwa tsohon buhu ne rataye ga icce. Gefe guda tsakuwa ce ta wurin wanka, gefe guda salga. Bakin ramin akwai duwatsu biyu masu faɗi, jajaye, irin na gindin dutsen garinmu, inda ake ɗora ƙafa. Tun ina yaro nake ganin su. Shekarar da anka rufe ramin da siminti tsohona yana da rai, shi ya sa anka maida su inda suke, ya tsaya a kai da sandarsa har simintin ya sha iska. Matata ta yi shekaru tana roƙon in sa ƙyaure. Kullum amsata guda ce: wa zai leƙa ki?

Na ce to, in makewayi ne ya riƙe ta Yamai, makewayi zai maido ta.

Na je wurin magini, ya ce sai ya gama gidan wani ma'aikaci, in dawo bayan wata biyu. Magana yake yi yana duban wayarsa. Na ce a raina, mi ke cikin gini? Siminti ai laka ce da ta je lakkol. Na ari cokalin gini da baro, mai amalanke ya zubo mani rairayi ƙofar gida, na sayo siminti da bulo. Fasassun karo kuwa, tayil ɗin nan da ake liƙawa ga bango, na tsinto su bayan gidan ma'aikacin nan, inda ake zubar da su, fari da shuɗi da wani mai ruwan ƙasa.

Bazara ce, zafi kamar bakin maƙera. Ina tasowa daga aiki bayan la'asar, in tuɓe riga in shiga. Kwaɓin farko ya yi ruwa, na shafa ga bango ya biyo ni ƙasa. Na biyu ya yi tauri kafin in gama shan ruwa. Siminti ya cinye mani fatar hannu har alwala ta zama wahala. Babu mai miƙo mani bokiti, babu mai cewa nan ya karkace. Akuyar kaɗai ke tsaye tana tuƙa tana kallona, wani lokaci har in ji ina yi mata bayani.

Na ƙara ma bangon tsawo, na yaɓe shi, na ɗora kwano biyu sama. Sannan na zo ga babban aikin, kujerar. Duwatsun nan biyu sun tare mani wuri, na sa kurfi da guduma na ɓamɓare su, na jefar kusa da turken akuya. Na jera bulo kewaye da bakin ramin, tsawon kujerar da nake zama kanta wurin gadi. Na jingina bayanta ga bangon yamma don mai zama ya sami abin dogara, fuskarta ga ƙofa don a iya miƙa hannu a jawo ƙyaure. Na lilliƙa karo, na sayo murfin roba kasuwa na ɗora. Na ciro ƙarfe daga tsohon gadonmu na kafa ga bango, abin kamawa in za a tashi. Mako biyar na yi. Ran da na gama na tsaya ina dubawa, na ce ko Yamai sai haka.

Saura ƙyaure. Maƙwabcina kafinta ne, Kirista, shekara ashirin bango guda ya raba mu, kuma tun da muke bai taɓa ganin abina ya ce ya yi kyau ba. Ya shigo da ƙyauren kwano a ka, ya jingine, ya leƙa ciki. Ya daɗe yana leƙe.

"Maƙwabci, wa zai zauna nan?"

"Gwamna."

"To gwamnan nan ba ya salla. Zauna ka gani."

Na zauna kan murfin.

"Ina kake kallo?"

Na ɗaga kai. Ta kafar ƙofa, bisa katangar gida, ga dutsen garinmu tsaye, daidai inda rana ke fitowa.

"In ka shimfiɗa buzu gabanka ba sai ka gyara shi ba," in ji shi. "Ni da ke zuwa majami'a ran Lahadi, ni zan nuna maka gabas? Kai da goshinka har ya yi baƙi?"

Yaron goye ma ya san ba a fuskantar alƙibla wurin biyan buƙata, ba a kuma ba ta baya. Na sani kamar yadda na san sunana. Mako biyar ina cikin wurin nan, ko sau ɗaya bai faɗo mani a rai ba.

Amma ban yarda gabansa ba. Na ce na taɓa jin wani malami cikin rediyo ya ce in akwai bango babu laifi.

"Malamin rediyon ne zai zauna, ko uwargida?"

"Kai dai kafa ƙyaure, shi anka kira ka."

Ya kafa yana dariya ƙasa-ƙasa. Wayata ƙarama ce, ba ta ɗaukar hoto, don haka na sa shi ya ɗauka da tasa ya aika ma ɗiyata. Ni da ita ba ma doguwar magana, ɗiyar fari ce, ko sunanta ba na faɗi. Na ce ya rubuta mata kawai ta nuna ma uwarta.

Bayan kwana biyu ya shigo da wayar a hannu, ya ce an aiko da murya. Ya danna, ya miƙa mani, ya koma wajen akuya kamar yana duba haƙoranta. Na ji kukan yaro, na ji talabijin, sannan muryar matata.

"Maigida, sannu da aiki, na gani. Ina duwatsun Baba?" Sannan ta ƙara da cewa, "Ga inuwar iccen dogon yaronmu nan cikin hoton, na san inda abin ya duba. Ran da anka kawo ni gidan nan Inna ta kama hannuna ta kai ni, ta ce ɗora ƙafarki inda duwatsun suke, fuskarki arewa, ba sai kin yi tunani ba. Shekara talatin da ɗaya ban saɓa ba. Sai yanzu da tsufana za ka juya ni gabas?"

Iyakar saƙon ke nan. Na sa kafinta ya sake danna mani shi sau biyu. Ni duk zamana na ɗauka duwatsun nan don laka anka sa su, kada ƙafa ta ɓaci. Shekara hamsin da wani abu suna juya ni arewa ban sani ba. Ita da ta zo gidan daga baya ta sani, kuma daga Yamai, cikin hoto ɗan mitsitsi, ta gane babu su.

Washegari na ɗauki guduma. Simintin da ya ƙi kama bango sai da na yi ta fama, wanga karon ya kama kamar don shi anka halicce shi. Kwana uku ina dukan abin da na gina da hannuna. Karon da na tsinto fasasshe ya ƙara farfashewa, wani ya yanke ni a ƙauri. Kafinta yana jin ƙarar ta bayan bango, sai ran na uku ya miƙo mani babbar gudumarsa ta bisa katanga.

Na sake ginawa, baya ga bangon kudu, fuska arewa. Na je turken akuya na ɗauko duwatsun, na wanke su, na dasa su gaban kujerar wurin ɗora ƙafa. Na maida ƙarfen ga bangon da ke kusa. Kafinta ya sake ɗaukar hoto. Amsar da ta zo gajera ce: "Yanzu ya yi. Allah shi saka."

Na sa kwaɗo na kulle ƙyauren. Na ce ba ni zan fara shiga ba. Na kafa zana kusa da turke ina wanka a nan, sauran buƙata kuwa sai masallacin unguwa. Ruwa ya sauka, na yi shuka ni kaɗai, na yi noman fari da maimai. In na dawo gona sai in buɗe makewayin in share, in sake kullewa.

Lokacin kaka matata ta zo. Na tarbe ta tasha, ta yi ƙiba, ta yi haske, tana tafiya da sanda irin ta likita. Da munka shiga gida ta dubi tukwane, ta dubi zanar da na kafa, ta girgiza kai. Na ba ta makulli. Ta ɗauki buta ta shiga, ni ina tsakar gida ina gyara igiyar akuya da ba abin da ya same ta. Ta fito tana share hannu ga zane.

"Ya yi. Amma ƙarfen nan da tsawonka ka auna. Sai na yi miƙa nake kama shi."

Kwana tara ta yi. Gidan ya yi hayaƙi, maƙwabta sunka riƙa shigowa, na ci tuwo da miyar kuka irin wadda na manta. Ran na bakwai tana zaune tana ɓarar wake, na tsaya kanta.

"To, kin dawo ke nan?"

Ba ta ɗago ba. "Yarinyar za ta koma aiki, babu mai riƙe mata yara."

"Na gyara abin da kika ce."

"Ka gyara, Maigida, ban hana maka ba. Gwiwar ma gaskiya ce. Amma can in na yi kira, kafin in rufe baki wani ya zo."

Akwai abin da ya kamata in ce a nan. Na san shi, yana bakina. Abin da ya fito shi ne, "Can ai ba su da aikin yi."

Ta yi ƴar dariya, ta watsa ɓawon wake gaban akuya. "Ka ji ko," in ji ta.

Ran na tara na raka ta tasha, na ɗora mata sabon gero.

Da na dawo gida na tsaya ƙofar ɗakinta. Jikin dogaran ƙofar akwai wani wuri da ya yi baƙi ya yi santsi, inda take dafawa in za ta fito, shekara da shekaru. Na auna shi da igiya daga ƙasa, na je makewayi na gwada. Ƙarfena ya fi shi da taƙi guda da yatsa uku. Na fasa bango na sauke shi, na yaɓe, na jira ya bushe, sannan na kira ta.

"Na sauke ƙarfen."

"Da mi ka auna?"

Na gaya mata. Can ta ce in Allah ya kai mu azumi za ta zo ta gwada, ta yi mani sati biyu.

Sati biyu ta ce, na ji da kunnena, ban kuma yi gardama ba. Yanzu baƙuwa ce ke zuwa gidan nan, ta kwana nawa ta koma. Na cire kwaɗon na ba kafinta, na naɗe zanar. Ni ke shiga makewayin, gwiwata ta hagu ma ta soma magana. Ƙarfen ya yi mani ƙasa, sai na duƙa nake kama shi, kuma na bar shi nan inda yake.