Lambar da Yaya Munzali Ya Rubuta a Ƙasa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyar ga Sha'aban 1431, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran yayana, Malam Munzali, wanda ya tsufa yana koyar da lissafi a nan Daura. Ana yayyafi aka kai shi.

Yaya, ni iyakar karatuna allo, amma ba ka taɓa ɓoye mini abin da ke ranka don haka ba. Kakan zo gidanmu da yamma, ka share ƙasar tsakar gida da tafin hannu, ka ɗauki kara ka rubuta lambar nan da kake so: dubu ɗari bakwai da ashirin, da ɗari bakwai da ashirin. Ka ce in ɗauke ta ƙwayoyin gero. In mutum biyu za a raba wa, ta rabu daidai. In bakwai ne, haka. In sha ɗaya ne, haka, har zuwa sha shida, ko ƙwaya ɗaya ba ta saura. Nakan lumshe ido in ga geron yana gangarowa kamar ruwan indararo, yana tsinkewa tsibi-tsibi, babu tsibin da ya fi ɗan'uwansa. Ni da nake tsoron haƙƙi ko a rabon tuwo, raina yakan kwanta.

Mu sha shida ne a gidan a lokacin. Shekarar da damina ta yanke da wuri, aka kawo mana Iya Yelwa daga Kongolam, gwaggon maigidana, ta makance, ba ta da kowa. Rumbu bai cika rabi ba. Maigidan ya ce ta huta, in ta kama a mai da ita. Na kasa musa masa, na kuma kasa barci.

Da ka zo na ce, “Yaya, lambar taka tana rabuwa wa sha bakwai?”

Ka daɗe kana zane. Ka ce, “A'a. Ƙwaya biyar ke saura.”

Na ce, “Shi ke nan, ko lissafi ya ƙi ta.”

Ka yi dariya. “Ke dai, Zubaida! Lamba ce ta yi kaɗan, laifin tsohuwa ne? Ninka ta za a yi sau sha bakwai.”

Ka ja da baya, ka ƙara share wuri, har sai da aka ɗauke turmi. Sabuwar ta fito, miliyan sha biyu da dubu ɗari biyu da hamsin da biyu, da ɗari biyu da arba'in. Maigidana yana kan tabarma yana kallo. Ka juya gare shi ka ce, “Malam Audi, ka ga abin mamaki? Wannan da aka faɗaɗa don mutum na sha bakwai, har na sha takwas tana ɗauka, ba a ƙara mata komai ba.”

Sai ya hana yara taka wurin. Washegari ya ce a gyara wa Iya ɗakin da ke kusa da rijiya. Kai kuma tun daga ranar, duk Juma'a sai ga ka da tiyar gero a bayan keke, ka ajiye a zaure, ba ka ko shigowa a yi maka godiya.

Iya Yelwa tana nan da ranta, Yaya. Da aka faɗa mata rasuwarka, ta ce a kama hannunta a kai ta gidanka. Da ƙafa ta je, ta zauna cikin mata har magariba tana yi maka addu'a.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka Munzali, Ka yalwata masa kabari, Ka sauƙaƙa masa hisabi, Ka ninka masa ladansa ninkin da babu mai iya rubuta shi sai Kai. Ina miƙa ta'aziyya ga matarsa Hajiya Haulatu, da 'ya'yansa Uwaisu da Raihana, da ɗalibansa daga Baure har Mai'adua. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu cika da imani. Amin.