Agogon Oga Dalyop da Sabobinmu Biyu

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban da wata Laraba a watannina na gwaji a wani kamfanin sufuri a Jos. Ni ne ƙaramin injiniyan kwamfuta, kuma an gaya mini ƙiri-ƙiri: in haɗa sabobinmu biyu kafin Juma'a, ko a kira ɗan kwangila daga Abuja, ni kuma in kama gabana.

Saba babbar kwamfuta ce. Namu biyun kowacce tana kiwon garken ƙananan kwamfutocin da ba su da gangar jiki, a cikin manyan na'urori suke zaune. Ɗaya tana hedikwata a Dilimi, ɗaya a reshen Dutse Uku. Lokacin girka ta biyu ake ɗaura ta da ta farko, don a riƙa ganin komai a allo ɗaya. Sai dai akwai sharuɗɗa: manhajarsu iri ɗaya, kowacce ta san sunan 'yar'uwarta, mai girkawa yana da cikakken izini a kansu, sannan agogonsu kada ya saɓa da fiye da minti biyar.

Na cika ukun farko, amma haɗi ya ƙi. Da na duba agogo, sai na ga ratar ta haura rabin awa, kuma babu mai daidai a cikinsu.

Na sami Oga Dalyop, manajan ma'aikata. Ya ce, "Ni na sa aka tura na nan gaba. Na'urar dangwala yatsa mai rubuta lokacin zuwan kowa da shi take aiki. Tun da na yi haka, wa ka ga ya makara? Kar ka taɓa mini agogo."

A reshe kuwa, Malam Habu akawu ya ja ni gefe ya rage murya. "Injiniya, mu muka ja namu baya. Ka san hanyar nan da safe. Ka rufa mana asiri."

Na koma na roƙi Oga a mayar da duka biyun kan lokacin gaskiya. Ya kalle ni kamar na nemi kujerarsa.

"Shi kwamfutan, gaskiya yake so, ko su yarda da juna?"

Na ce, "Su yarda da juna, Oga."

"To ina matsala?"

Ranar Alhamis na ɗora reshe kan agogon Oga. Nan take sabobin suka rungumi juna. Aka tabbatar da ni a aiki, washegari kuma kaf mutanen Dutse Uku suka makara. Malam Habu har yau da ka yake amsa gaisuwata, abin kuma yana damuna.

Ku da kuke tasowa, in haɗi ya ƙi, ku fara duba agogo, sannan ku tambayi wanda ya taɓa shi. Ni dai a nan na gane saba ma'aikaciya ce irinmu: ba ta neman gaskiya, a dai haɗu a kan ta Oga.