Ranar Da Na Wuce Surukina A Kwana

A garinmu ba a wuce suruki a hanya. In ka hango shi gabanka, ko da a keke yake kai kana kan babur, sai ka rage gudu ko ka sake layi. Da wannan tarbiyya na zo Ingila, kuma da ita na shiga tseren mota, harkar da ba ta da wata manufa sai wuce na gaba.

Yayan matata ne ya ja ni ciki. Injiniyan tituna ne, yana zaune a Small Heath ta Birmingham, ni kuwa akanta ne a Manchester, muna Rusholme inda bas-bas ba sa barin mutum ya sa giya ta uku. Ya girme ni sosai, shi ne ma waliyyin matata ranar ɗaurin aure, saboda haka ban taɓa yarda mun haɗa ido ba. Ina ce masa Yaya. Shi kuwa har 'ya'yanmu suka shiga makaranta bai daina kirana Ango ba.

Tseren namu ba irin na talabijin ba ne. Kulob ne na 'yan sha'awa: mai gyaran famfo, malamin makaranta, wata nas, da tsofaffi 'yan fansho, kowa da tsohuwar motarsa da ya cire wa kujerun baya ya kafa mata ƙarafan kariya. A yi Asabar, a yi Lahadi, Litinin kowa ya koma bakin aiki da ciwon wuya. Da rakiya na fara, ina miƙa wa Yaya sifana ina haɗa shayi, har ranar da ya zaunar da ni bayan sitiyari. Ba a jima ba na sayi tawa, ƙarama ruwan toka, wadda matata ba ta da sunan da take kiranta sai akwala.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka kama. Ana rufe laburare, ana rage ma'aikata, kwangilar gyaran tituna ta ja baya, kamfanin da Yaya ke wa aiki ya sallame shi. Mutumin da ake jin dariyarsa tun daga ƙofar gida ya koma shiru-shiru. Mu kuma dangi muka yi abin da muka iya, muka lulluɓe shi da tausayi. In ya shigo sai a bar hirar aiki. A masallaci a riƙe hannunsa a daɗe ba a saki ba. Matata kullum tana waya tana tambaya ko ya ci abinci. Daga baya ya sa jar motarsa a kasuwa, ya ce tseren ƙarshen shekara shi ne na bankwana. A wannan tseren ne kuma aka fara sa mu rukuni ɗaya, ni da shi.

Ranar Asabar bayan sallar asuba na ɗora akwala a tirela na kama hanya. Filin tsohon wurin saukar jirage ne a tsakiyar gonaki, tsakanin garuruwanmu biyu, inda warin fetur da na kashin shanu suke gasa. Na tarar Yaya ya riga ni, ya kafa rumfa jikin motarsa ta kaya, ga kular masa da matarsa ta aiko. Maƙwabtanmu Turawa sun san kular nan, tun safe suke kewayawa wai aron sifana.

Da aka ba mu hannu muka tashi, ina can baya kamar kullum. Amma tayoyina sababbi ne, motar kuma ta wayi gari da kuzari. Na wuce mai gyaran famfo, na wuce nas, raina fari ƙal. Ina ɗaga ido sai ga jar motar Yaya a gabana. Wallahi ban umarci ƙafata ba, da kanta ta ɗaga daga totur. Akwai wata doguwar kwana a ƙarshen filin, nan Yaya ya buɗe, ya bar hanyar da ko tirela za ta shige. Na taka birki. Zagaye na gaba haka, na gabansa ma haka. Nas da mai famfo suka zo suka kwashe mu duka biyu. Muka ƙare kusa da na ƙarshe, Yaya gaba ina biye, ina yaba wa kaina cewa iyayena ba su yi asarar tarbiyya ba.

Muka yi la'asar a kan darduma bayan motar kaya. Da muka shafa, Yaya bai tashi ba.

"Ango, motarka lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, Yaya."

"To birkin ne yake kamawa da kansa?"

Na sunkuyar da kai ina tsinkar ciyawa.

"Ina da madubi fa," in ji shi.

Na ce, "Yaya, ai ba zai yi kyau ba a ce ni na wuce ku. Kuma ga shi na ƙarshenku ne."

Ya ce, "Tun da aka ba ni redundancy, aka sallame ni daga aiki, kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai. A gida, a masallaci, har GP ɗina, likitan da ke duba ni. Nan kaɗai ne ba mai tausaya mini. Wancan plumber ɗin, mai gyaran famfo, in ya samu hanya ta kaina zai bi, kuma ina jin daɗinsa. Sai kai ka ɗauko tausayin tun daga Manchester ka kawo mini a tirela." Ya fara naɗe darduma. "Gobe ina so in san iyakar abin da na iya. In ka sake bi na a baya kamar ɗan rakiyar amarya, na daina ce maka Ango. Malam zan riƙa ce maka, kamar kowane baƙo."

Maganar ta shige ni, na ji kunya matuƙa, na kuma ji tsoro, don na san Yaya ba ya magana biyu. Gaba kura baya sayaki: in wuce shi rashin kunya, in ƙi wucewa in rasa shi.

Lahadi gari ya waye garau, titi a bushe. Ba a daɗe da tashi ba na kamo jar mota. Na yi bismilla, na nufi gefenta a doguwar kwana. Sai Yaya ya rufe hanyar ruf, har sai da na hau ciyawa. Ashe jiya gwada ni yake. Na gwada ta dama, ya tare. Na gwada ta hagu, kafin in ƙarasa tunani ya riga ya tsaya a wurin. Mutumin ya san kowane rami da kowane faci na filin nan, tsofaffin tayoyinsa kuma sai ihu suke amma ba su sake shi ba. Gumi ya cika mini hular kwano. Ban san lokacin da na ce, "Kai, wannan tsoho da taurin kai yake," ba. Na gode Allah injin ya fi ni murya.

A zagayen ƙarshe ya jinkirta taka birki, bayan motarsa ya ɗan zame, hanya ta buɗe kamar faɗin ƙofar ɗaki. Na kutsa. Muka jera, madubina na neman taɓa nasa. Ina wucewa sai na tsinci hannuna a sama, irin ɗagawar nan ta "gafara dai" da ake yi wa manya. A miƙaƙƙen titin ƙarshe ya sake taso mini, ina jin injinsa a kunnena, amma tutar nan mai baƙi da fari ta sauka hancin akwala na gaba da nasa kaɗan. Wannan karon ma kusa da na ƙarshe muka zo, waɗanda suka ci tseren har sun fara cire takalma.

Na fito daga mota. Na hango Yaya ya cire hula yana tahowa, na fara shirin durƙusawa. Sai na ji dariyar nan da muka yi watanni ba mu ji ba, har masu rumfar kusa suka waiwayo. Ya zaro waya ya kira ƙanwarsa.

"Mijin nan naki ba shi da kunya ko kaɗan. A kwana ya shige ni, har da ɗaga mini hannu."

Ina jin muryar matata tana salati, ta fara ba shi haƙuri.

"Haƙurin me? Rabon da wani ya ɗauke ni namiji har na manta."

Ya kashe wayar yana share hawayen dariya da bayan hannu. Na ɗago kai, karo na farko tun da na auri ƙanwarsa, muka haɗa ido.

"Ango," ya ce, "zo ka kama mini mu ɗora motar nan, mai sayenta na jira."