Malam Bangali a Gonar Tumatir

Har gobe idan na tuna ranar da Dokta Mitra ya bi ɗalibansa gonar tumatir, raina ɓaci yake. Ku yaran yanzu ba ku san shi ba. Mutumin Bangal ne, can ƙasar Indiya, masanin adabin Turanci, kuma marubuci. A farkon shekarun tamanin gwamnati ta ɗauko shi kwantiragi ya koyar a sakandarenmu ta kwana da ke wajen Kura. Ni a lokacin malamin aji biyar ne, wato 'yan ajin ƙarshe. Yara na kiransa Malam Bangali.

Ƙa'idar kwantiragi kuwa, idan wa'adi ya cika, sai firinsifal ya ba da shaida mai kyau kafin a sabunta. Wato abincin mutum na hannun firinsifal. Namu kuma, Allah ya jiƙansa, azzalumi ne na ƙarshe. Yana da gonar rani a bakin kanal ɗin ban ruwa wajen Kadawa. Da tumatir ya nuna, sai ya kwashe 'yan aji biyar da safe su yi masa tsinka kafin motocin Kudu su tashi. Wai sunan abin darasin aikin gona!

Jarrabawar ƙarshe ta matso, Dokta ya shiga aji ya tarar da kujeru kawai. Ya same ni ya ce, "Malam Sabo, ina yarana?" Na faɗa masa. Na ce, "Dokta, ka haƙura, wa'adinka ya kusa." Sai ya ɗauki littafi ya hau kekensa. Na bi shi har gonar.

Wallahi mutumin nan naɗe wando ya yi, ya cire takalmi, ya shiga tsakanin kunyoyin tumatir cikin laka. Ya ce a garinsu cikin ruwa da shinkafa aka haife shi, laka ba baƙuwarsa ba ce. Yara na tsinka yana karanta musu darasi da ƙarfi, yana tambaya suna amsawa da kwanduna a ka. Manoma suka bar aiki, dillalai suka taru suna kallo. Kafin ranar kasuwar Bunkure labari ya gama ko'ina.

Firinsifal ya kira mu ofis yana huci. Ya ce, "Kai baƙo, ka zo ka tona mini asiri?"

Dokta ya ce, "Ranka ya daɗe, inda ɗalibai suke nan ne aji."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai gaskiya ya faɗa." Firinsifal ya ce in rufe masa baki.

Bai ba da shaidar ba. Ni aka cilla ni wata makaranta, Dokta kuwa ya haɗa littattafansa ya koma gida kafin sakamako ya fito. Daga baya muka ji ya zama farfesa, yana ta wallafa littattafai. Makarantarmu ba ta sake samun malamin adabi ba, sai aka soke darasin gaba ɗaya. Kai, wannan abu ya ƙona mini rai!

Abin da na koya a aikin nan shi ne, ba ragon malami ake kora ba. Wanda ake kora shi ne wanda ya ga aji wayam ya tambaya ina yara.