Gwaggo Asabe Mai Bin Diddigin Rauni

Duk wanda ya san Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, ya san ba ta zuwa dubiya sai da kwanon kunu. In zazzaɓi ne ko ciwon ciki, ta yi sannu, ta ajiye, ta kama hanya. Amma in rauni ne, karaya ko ƙuna ko yanka, sai ta gyara zama, ta ɗora kwanon a cinya, ba za ta miƙa ba sai ta ji labari.

"To, yaya aka yi?"

"Ƙaddara ce, Gwaggo."

"Na san ƙaddara ce. Ta wace ƙofa ta shigo?"

Wane hannu ka fara sawa? Ina ƙafarka take? Me kake kallo a lokacin? Mutum yana nishi tana tambaya, kunu yana hucewa. Wani da ya faɗo daga kan kuka ya taɓa cewa da ya san Gwaggo za ta zo, da ya riƙe reshen nan da haƙori.

Kuma jin labari ba ya isar ta, sai ta gani da idonta. Lokacin da Alhaji Sabo ya kawo injin niƙa Gwaram, bel ɗin injin ya kama hannun rigar Sale, mai kula da shi, ya karya masa hannu. Gwaggo ta yi wa Sale tambayoyinta, amma ba ta yarda cewa bel zai iya jan ƙato kamarsa ta hannun riga ba. Washegari ta je gidan injin, mata sun yi layi da ƙwaryar dawa. Ta tsaya tana kallon bel ɗin yana juyawa. Can ta hango wata riga a rataye a ƙusa, ta ɗauka tsumma ne na goge hannu. Ta ciro ta, ta miƙa wa bel gefe ɗaya.

Injin ya fizge rigar, ya nannaɗe ta, ya yi tari, ya mutu. Sai ga Alhaji Sabo daga baya, daga shi sai singileti.

"Inna Asabe, rigata ce fa. Zafi ne ya sa na cire."

"Allah sarki. To ka gode ba ka cikinta."

Ranar rabin unguwa a turmi aka daka tuwo. Kafin sati Alhaji ya sa kafinta ya kewaye bel ɗin da katako. Da aka yaba masa, sai ya ce shi ba don bel ya yi ba, don Gwaggo ya yi.

Sai maganar kananzir. Ba ta zuba shi a fitila sai ta ɗiga kaɗan a ƙasa, ta kunna kan dogon kara, ta miƙa daga nesa. Shekara da shekaru muna mata dariya, domin ba abin da ke faruwa. Rannan ta sayo kwalba a wurin Malam Iro, ta rasa dogon kara, ta yi amfani da guntu. Wuta ta yi bup, ta tashi har fuskarta. Ashe duron da aka kawo masa akwai fetur a ciki.

Mamata ta fito a guje, ta tarar da ita ba gira ko ɗaya, tana murmushi kamar wadda aka yi wa albishir.

"Asabe, fuskarki!"

"Bar fuska, Yaya. Kin ga yadda ta yi tsalle? Kananzir tafiya yake yi, wannan kuwa tsalle ya yi."

Haka ta fita ba gira. Ta tasa Malam Iro a gaba, gida gida, yana faɗin waɗanda ya sayar wa, tana karɓe kwalabe tun kafin magariba ta yi a kunna fitilu. A nan kam ba wanda ya yi dariya. Sai da gari ya kwana lafiya muka fara, muka kuma daɗe muna yi, domin girar hagu ta riga ta dama fitowa, ta yi wata guda kamar mai tambaya ko da ta yi shiru.

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, aka cika ko'ina da aikin hanya, ni ina aure a Birnin Kudu. Wani lebura mutumin Surko, Haruna, dutse ya gangaro masa a wurin fasa dutse ya murƙushe masa ƙafa. Ɗan kwangilar ya ce tsautsayi ne, ba ruwansa. Haruna ga iyali, ga ƙafa ba ta takuwa, sai danginsa suka kai ƙara gaban alƙali. Ba dangin Gwaggo ba ne, labari kawai ta ji a kasuwa. Sai ganinta na yi a ƙofar gidana, tana ɗingishi, babban yatsanta naɗe da tsumma. Na raka ta kotu don kada ta ɓata.

Ana cikin shari'a ta ɗaga hannu ta ce tana da shaida.

Alƙali ya ce, "Inna, kina wurin aka yi?"

"Allah ya gafarta Malam, ba na nan."

"To me kika gani?"

"Na je daga baya. Na tsaya inda suka ce an tsayar da shi, na ce waɗanda ke sama su gangaro min da ƙaramin dutse."

"Sai me ya faru?"

Ta kwance tsumman ta ɗaga ƙafa. "Ga shi. Wurin ba inda mutum zai kauce. Kuma ni ina kallon dutsen, shi kuwa baya ya ba shi."

Alƙali ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Da ya ɗago ya ce shari'a ba ta karɓar shaidar wanda bai ga abu ba, amma shi yana so a kai shi wurin ya gani. Daga baya aka yi sulhu, ɗan kwangila ya ɗauki maganin Haruna da cin iyalinsa har ya warke. Da muka fito ina cewa Gwaggo an yi nasara, ita hankalinta ba a nan yake ba.

"Ke, fankar nan da ke juyawa a kan rawanin alƙali, me ya riƙe ta?"

Da ƙyar na hana ta komawa ta tambaya.

Ta rasu da tsufanta, a kan gadonta, ba tabon da wani ya yi mata sai waɗanda ta nemo da kanta. A zaman makoki muna ta ba da waɗannan labarai muna dariya a ɓoye, sai mamata ta ce mana mijin Gwaggo na fari mai haƙar rijiya ne. Tana amarya ya shiga wata rijiya a Farin Dutse, aka fito da gawarsa. Ta tambayi kowa, igiya ce ta tsinke, ko ƙasa ce ta rufta, ko numfashi ne ya ɗauke masa. Duk wanda ta tambaya sai ya ce mata sai haƙuri. Har ta bar duniya ba wanda ya faɗa mata.

Allah ya jiƙan Gwaggo Asabe, ya yalwata mata kabarinta, ya sanyaya mata. Allah ya haɗa ta da shi a Aljanna, ta zauna kusa da shi ta ji daga bakinsa. Amin.