Mma Sanatu, Mai Sauraron Bayan Murya

Rana ba ta gama fitowa a Tamale ba Mma Sanatu Neindoo take jingine kekenta a gindin darbejiyar gidan rediyonmu, ta ajiye kofin koko kusa da wayoyi, ta ɗora abin sauraro a kunne, ta lumshe ido. Ni da nake karanta sanarwar rasuwa a tashar, ta gilashi nake hango ta, kai ka ce barci take. Aikinta ta amsa masu kira a shirin siyasa na safe, ta zaɓi wanda za a saka jama'a su ji. Ta taɓa ce mini in ta rufe ido ƙauyuka ne ke zuwa mata ɗaya bayan ɗaya: kukan zabi, guga na bugun bakin rijiya, wata tana daka can nesa.

Kowa a garin nan ya san 'yan kiran haya. Ɗan siyasa ya saya musu waya, ya zuba musu kuɗin kira, su kira da sunan talaka, mu kuma mu yi ta gyaɗa kai wai jama'a sun yi magana.

Wata safiya ana dab da zaɓe kira ya yi ta shigowa. Wannan daga Tolon, wancan daga Savelugu, wai sun ga babbar mota cike da baƙi an ɗauko su su yi zaɓe, tana kan hanyar Kumbungu, samari su fito da fetur. Na farko ya wuce kafin ta ankara. A na biyu ta yi tsai. Bayan kowace murya keken ɗinki guda ne ke tafiya, da ɗan tsallen nan nasa. Ta san keken, na ƙanwarta Azima ne. Na uku kuwa Napari ne, ɗan Azima, ya shaƙe murya kamar tsoho.

"Napari, yaushe ka koma Tolon ban sani ba?"

"Haba Mma, ki saka ni kawai. Aiki ne fa."

"Ƙona mutanen ne aiki? Ka gaida uwarka." Ta katse.

Mai tasha ya faɗo ɗakin yana huci. "Sanatu, tashar ubanki ce? Saka su!"

"To, Alhaji," in ji ta, ta danna wani layin daban. Sai ga muryar wata tsohuwa, ganguna na tashi a bayanta: "Jama'a, mu ne fa a motar! Makoki za mu Kumbungu. Ni ce baƙuwa, da aka binne cibiyata a Sagnarigu?"

Daga baya direban motar, Wumbei, ya ce da suka iso mahaɗa sun tarar da samari tsaye da jarkoki, rediyo a hannu, kowa ya sunkuyar da kai. Ɗaya ma ya matso ya tambayi wa ya rasu. Har yau in na tuna da an ƙona motar ni zan karanta sunayen matan nan washegari, jikina sanyi yake yi.

Ke ce kunnen gari, Mma Sanatu. Ke ce aka mayar shirin gaishe-gaishen rana don horo, kika karɓa kika ci gaba da aikinki. Iyayen gidan Napari na siyasa suka kore shi, ya tafi Kumasi bai dawo ba, Azima ta ɗauke miki gaisuwa. Na ga kin yi kuka a kan wannan, ban taɓa jin kin ce da na sani ba.

A watan nan Mma Sanatu take ajiye aiki, kunnen hagu ya yi nauyi. Mun gode, Mma, Allah ya saka. Ku kuma masu tasowa, kafin ku miƙa wa gari murya, ku saurari abin da ke bayanta, ko da ta gidanku ce.

Matan motar nan suna nan suna aurar da jikoki, ba su san sunanta ba. To ga shi na faɗa. Azima, ke kin san shi, kin kuma san ƙofar gidan.